Tarihi Ya Dawo Aji, Amma Ta Yaya Za A Koyar Da Shi? Darasi Daga Tashar Birniwa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda 'yan uwa da data ba ta bari su saurara, da kuma waɗanda suka fi jin daɗin karantawa. Yau daga gida Birniwa nake magana, kuma maganar da na zo da ita ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Bari in fara da laifin kaina kafin in taɓa kowa. Kakana na wajen uwa dako ya yi a tashar jirgin ƙasa ta Birniwa, zamanin da gyaɗa take gyaɗa. Akwai wani dare da na zo hutu daga jami'a, muna zaune a ƙofar gida bayan isha'i, sai ya fara ba ni labarin yadda ake auna buhu, da yadda ake loda shi a tarago, da yadda garin yake cika da baƙi idan kaka ta yi. Ni kuma a lokacin hankalina yana kan waya. Akwai jarrabawar da nake shirin rubutawa a wani kwas da ya shafi Amurka, ina ta haddar dalilan yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865. Sai dai in ce "to Baba", "haka ne Baba", har ya gaji ya yi shiru ya shiga ciki. Na ci jarrabawar. Kafin hutu na gaba Allah Ya yi masa rasuwa. Yau da za ka tambaye ni nawa ake biyan ɗan dako a kan buhu ɗaya a wancan lokacin, ba ni da amsa, alhali an zaunar da ni an so a faɗa mini kyauta.

Na daɗe ina ganin laifina ni kaɗai. Daga baya na gane cewa ba a taɓa koya mini cewa abin da tsohon nan yake faɗa shi ma tarihi ba ne. A wajena tarihi abu ne da yake cikin littafi, wanda ya faru da wasu mutane a wata ƙasa.

Ku tuna da irin zamanin da muka taso. A 2007 aka fito da sabuwar manhajar ilimin matakin farko ta shekara tara, aka cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa, aka cusa ɗan abin da ya rage a cikin darasin zamantakewa, wato Soshiyal. Aka fara aiki da tsarin a zangon 2009/2010, daidai lokacin da ire-irenmu muke shiga ƙaramar sakandare. Mu ne 'yan gwajin. Sai a watan Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin dawo da darasin, ta ce za a horar da malamai 3,700, wato 100 daga kowace jiha da Abuja. A 2025 kuma Ma'aikatar Ilimi ta sanar cewa tarihin Najeriya ya zama dole daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare.

Madalla, abin farin ciki ne. Amma mu yi lissafi. Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27. Idan ka raba malamai 100 a kansu, kowace ba ta samu huɗu cikakku ba. Ke nan a mafi yawan makarantunmu, malamin da zai koyar da tarihi shi ne dai malamin Soshiyal ɗin nan, wanda mai yiwuwa shi ma ba a koya masa ba. Me zai yi? Abin da aka yi masa zai yi. Ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, ya ce "kun gane?", su amsa baki ɗaya, a tashi. Idan a haka tarihi ya dawo, to sunansa ne kawai ya dawo cikin jadawali.

Abin da ya sa na koma na duba yadda wasu suke yi ke nan. Kuma tunda tarihin Amurka ne ya raba ni da hirar kakana, sai na ce bari in ga yadda su Amurkawan suke koyar da nasu. Kada wani ya ce ina yi musu talla. Su ma suna da malaman kwafa, suna kuma da rigima mai zafi a kan abin da za a faɗa wa yara game da bauta da wariyar launin fata. Amma akwai wata hanya guda da ta burge ni.

Wani malami a Jami'ar Stanford mai suna Sam Wineburg, shi da abokan aikinsa, sun tsara darussa a kan cewa a koya wa yaro karatu irin na masanin tarihi. Ga misalin da suka shahara da shi. Ranar 19 ga Afrilun 1775 sojojin Ingila suka yi arangama da mutanen wani ƙaramin gari da ake kira Lexington, aka kashe mutum takwas daga cikin 'yan garin, daga nan yaƙin neman 'yancin Amurka ya tashi. Maimakon malami ya rubuta wannan a allo a wuce wurin, sai ya jefa tambaya: wa ya fara harbi? Sai ya raba wa yara takardu. Ga rantsuwar da mutanen garin suka yi kwanaki kaɗan bayan abin, suna cewa sojoji ne suka fara. Ga kuma abin da wani hafsan Ingila ya rubuta a littafinsa na yau da kullum, yana cewa daga ɓangaren 'yan gari harbin ya fito. Sai a ce wa yaro: wa ya rubuta wannan? Yaushe? Yana wurin? Me zai samu idan aka yarda da shi? Akwai wata shaidar da ta goyi bayansa? Yaro zai fita ajin ba tare da an ba shi amsa ɗaya ya haddace ba, amma ya koyi yadda ake auna magana.

Da na karanta wannan sai na yi dariya, na ce ai mu muka fi kowa sanin wannan. Duk wanda ya zauna gaban malamin Hadisi ya ji ana tambayar wa ya ruwaito, daga wa ya ji, shin sun ma haɗu, shin amintacce ne. Muna da wannan tarbiyyar a zaure, amma da mun shiga ajin boko sai mu ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalmi.

To sai na ce bari in gwada. A dogon hutun da ya wuce na tara yaran unguwarmu, maza da mata, 'yan ajin ƙarshe na firamare da 'yan ƙaramar sakandare, muka riƙa zama ƙarƙashin bishiyar maina da yamma. Ba mu da littafi ko ɗaya. Allon katako muka aro, sai alli, sai wayata.

Ranar farko ban ambaci sarki ko yaƙi ba. An yi faɗa a filin ƙwallo kwana biyu kafin nan, kuma rabin yaran suna wurin. Na ce mutum uku su tashi ɗaya bayan ɗaya su faɗi abin da ya faru. Na farko ƙanin wanda aka mara ne. Na biyu ɗan ƙungiyar wanda ya yi marin ne. Ta uku yarinya ce mai tallan gyaɗa da take gefe tana kallo. Labari uku suka fito, kamar ba faɗa ɗaya ake magana a kai ba. Na ce to wa za mu yarda da shi? Nan fa aka kaure. Wani ya ce mai talla, don ba ruwanta da kowa. Wata ta ce ai tana nesa, ba ta ji zagin da aka fara yi ba. Ban koya musu komai ba tukuna, amma sun riga sun gano bambancin wanda yake kusa amma yana da ɓangare, da wanda ba shi da ɓangare amma yana nesa. Na ce musu wannan abin da kuka yi yanzu shi ne aikin masanin tarihi.

Daga nan muka ɗauko babban labarin ƙasarmu, wato yaƙin Haɗejia da Turawa. Kano ta faɗa hannunsu a Fabrairun 1903, Sakkwato a watan Maris na shekarar. Haɗejia kuwa sai a Afrilun 1906, watanni biyu bayan tashin Satiru, rundunar Kanar Lowry Cole ta taso mata daga Kano. Aka gwabza a cikin gari, aka kashe Sarki Muhammadu tare da wasu 'ya'yansa da manyan mayaƙansa. A takardun Turawa, irin rahoton shekara da Lugga yake aikawa Landan, abin ya fito a matsayin ladabtar da sarkin da ya ƙi bin umarni. A bakin mutanen Haɗejia kuwa sunansa Mai Shahada har gobe. Rana ɗaya, gari ɗaya, suna biyu.

Na rubuta bayanin kowane ɓangare a taƙaice da Hausa, na raba yaran gida biyu. Tambayar ita ce: me ya sa Haɗejia ta zaɓi yaƙi bayan ta ga abin da ya faru da Kano da Sakkwato? Sai na ƙara musu da tambayoyin nan: Bature da yake rubuta wa shugabanninsa rahoto, me yake so su ɗauka game da shi? Jikan mayaƙi da yake ba da labarin kakansa, me zai so ya ƙara, me zai so ya rage? Wani yaro da ba ya cika magana ya ɗaga hannu ya ce, "Yaya, to talakawan da suke cikin gari ranar, su wa ya rubuta nasu?" Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Wannan tambayar manyan masana suke kwana a kanta, ga ɗan shekara goma sha uku ya iso gare ta a ƙarƙashin maina.

Ba 1906 kaɗai ba ce. Ƙasar Haɗejia cike take da irin waɗannan darussa. Ga Sarki Buhari, wanda ya yi wa Sakkwato tawaye, ya riƙe sarauta da ƙarfin takobi har ya rasu a 1863 a yaƙi da Badawa. Ka tambayi labarinsa a Haɗejia, ka tambaya a Kano ko Katagum ko ƙasar Bade, ka ji yadda hoton mutum ɗaya yake sauyawa. Ga Garun Gabas nan maƙwabtanmu a Malam Madori, wadda ake cewa ita ce Biram ta cikin Hausa Bakwai. Yaro zai haddace "Biram" a jerin bakwai ɗin don jarrabawa, bai san cewa mota za ta kai shi can ya dawo a yini ɗaya ba. Ga Bajamushen nan Heinrich Barth da ya bi ta Gumel da Machina a 1851 yana hanyar Kukawa, ya rubuta abin da ya gani a yankinmu. Duk kayan aiki ne.

Mako na biyu na tura su gida. Aikin shi ne kowa ya sami dattijo ko dattijuwa ya tambaya: me ka sani game da tashar jirgin nan? Layin dogon da ya taso daga Kano ya bi ta Ringim, Gagarawa, Malam Madori, Birniwa, ya ƙare a Nguru, an kammala shi a 1930. Shi ya ɗauki gyaɗarmu da fatunmu zuwa teku, shi ya kawo mana baƙi da kantuna. Yaran suna wucewa ta gefensa kullum, ba su taɓa tambayar me ya kawo shi ba.

Da suka dawo sai matsala ta taso. Tsofaffi ba sa ƙirga shekara da lamba. Sai dai ka ji "shekarar da aka kashe Sardauna", ko "kafin a canza kuɗi". Maimakon mu ga wannan a matsayin cikas, sai muka mai da shi darasi. Muka ja dogon layi a ƙasa da kara, muka sa alamomi. Kashe Sardauna, Janairun 1966. Canjin hannu a tuƙin mota, 1972. Shigowar naira da kwabo a madadin fam da sule, Janairun 1973. Babban farin nan, 1973. Cutar da ta cinye gyaɗa, 1975. Kashe Murtala, Fabrairun 1976. Ƙirƙiro Jihar Jigawa, Agustan 1991. Duk labarin da yaro ya kawo sai mu nemo masa gurbi a kan layin. A nan yaran da kansu suka lura cewa labaran cikar tasha duk suna gefen hagu, kafin fari da cutar gyaɗa, labaran mutuwar kasuwa kuma suna gefen dama. Ban ce musu "ga dalilan durƙushewar gyaɗa guda biyar, ku rubuta" ba. Su suka gani, sannan na ƙara musu da batun man fetur da yadda ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma.

Wata yarinya ta zo da kwabo mai huji da kakarta ta ciro daga ƙasan adaka. Ya zaga hannu ya fi sau talatin. Sunan wa ke jiki? Me ya sa aka huda shi? Me yake saye a lokacin? Kwabo ɗaya ya ci mana yamma guda. Shi ya sa idan na ji ana cewa ba za a iya koyar da tarihi ba sai an kawo kayan aiki daga Abuja, nakan ce a fara buɗe adakar tsofaffi tukuna. Akwai rasit na haraji da na jangali, akwai tsofaffin hotuna, akwai wasiƙun ajami, akwai takardun gona.

A nan ma akwai abin koyo daga Amurka. Tsakanin 1936 da 1938 gwamnatinsu ta tura marubuta suka zaga suna hira da tsofaffin da aka haifa cikin bauta, aka tattara labarai sama da 2,300. Da an ƙara jinkirin shekara ashirin, da kusan babu wanda za a tarar. Yau malamai suna amfani da su a aji, kuma suna nuna wa yara cewa mafi yawan masu yin tambayar farar fata ne, don haka a yi tunani: tsohuwar da aka taɓa mallaka, za ta saki jiki ta faɗi komai a gaban jikan masu mallakarta? Mu ma muna da irin wannan a ƙasar Hausa. Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ta rubuta rayuwarta daga bakinta, littafin ya fito a 1954. Tsohuwa ɗaya ce, ba 'yar sarki ba, amma har yau ana karanta ta a jami'o'in duniya. Tsofaffi nawa irinta muka binne a Birniwa cikin shekara goman nan ba wanda ya ɗauki muryarsu?

Darasi na uku na ruwa ne. Mu nan duk wanda ya kai shekara goma ya san ambaliya, ya ga ta 2020, ya ga ta 2022. Amma yaro yana ɗauka haka kogin yake tun fil azal. Muka zana Kogin Haɗejia a ƙasa, daga inda ya taso a ƙasar Kano, har inda ruwansa yake haɗuwa da na Jama'are ya zama Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Muka sa dutse a Tiga, muka rubuta 1974. Muka sa wani a Challawa, muka rubuta 1992. Sai na ce duk mai dangi a wajen Kirikasamma ko Guri ya tambayi manomin fadama, ya tambayi masunci, ya tambayi makiyayi: yaya ruwa yake zuwa a da, yaya yake zuwa yanzu, yaushe kachalla ta fara toshe hanyoyin ruwa? Amsoshin ba za su zo ɗaya ba, domin abin da ya zama alheri ga mai noman rani yana iya zama asara ga mai kamun kifi. Yaron da ya gane cewa hukuncin da aka yanke a ofis shekara hamsin baya shi yake shigo masa gona yau, ya gane amfanin tarihi, ba sai an yi masa wa'azi a kai ba.

To ina tarihin Amurka da na faro da shi? Shin mu watsar? A'a. Sai dai mu shiga ta ƙofar da ta fi kusa da mu. Na tambayi yaran ko sun san akwai Babarbare da ya yi yaƙin basasar Amurka. Suka yi dariya, musamman 'ya'yan Mangawa da suke cikinmu. Sai na ba su labarin Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda duniya ta sani da Nicholas Said. An haife shi a Kukawa wajen 1836, mahaifinsa Barka Gana babban kwamanda ne a rundunar Shehun Borno al-Kanemi. Yana yaro mahara suka kama shi, aka ƙetare Sahara da shi a matsayin bawa har Tarabulus, daga nan Istanbul, daga nan Rasha, inda aka yi masa baftisma aka sa masa suna Nicholas. Ya zaga Turai, ya ƙetara teku, ya yi koyarwa a Detroit, a 1863 kuma ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts, ɗaya daga rundunonin baƙaƙen fata da suka yi yaƙi a ɓangaren Arewa. Bayan yaƙi ya koyar da 'ya'yan 'yantattun bayi a kudancin ƙasar, ya kuma wallafa tarihin rayuwarsa a Memphis a 1873.

Ga inda darasin yake. A cikin littafin nan nasa bai ambaci cewa ya yi soja ba ko da layi ɗaya. Takardun soja ne suka nuna. Na tambayi yaran: me zai sa mutum ya ɓoye abin alfahari irin wannan? Na ba su haske kaɗan, na ce a Kudu yake zaune yana sayar da littafin, cikin mutanen da aka ci da yaƙi shekara takwas baya. Nan take wata ta ce, "Tsoro yake ji." Wani ya ce, "Ko kuma yana so su saya." Ka ga a zama ɗaya sun taɓo cinikin bayi ta Sahara, sun taɓo yaƙin basasar Amurka da soke bauta a 1865, sun kuma koyi cewa shirun mai labari ma shaida ce. Ni da na haddace dalilan wannan yaƙin a jami'a, ba wanda ya taɓa ce mini akwai ɗan Borno a ciki.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiya. Za su ce kai yara talatin ka tara a inuwa, mu muna da ninkinsu a aji ɗaya, ga manhaja da za a ƙare, ga jarrabawa, ga albashin da ba ya kai wata. Ban zo in ɗora wa malami laifi ba. Abin da nake cewa shi ne ko sau biyu a zango aka yi irin wannan, ya fi babu. Babban aji ma ana raba shi rukuni-rukuni, kowane rukuni da dattijonsa. Waya ɗaya ta isa ɗaukar murya. Kuma yaron da ya gano abu da kansa ya fi riƙe shi ranar jarrabawa fiye da wanda ya kwafa.

Wasu kuma za su ce kana tono abin da zai ɓata zumunci. Zancen bauta, zancen wa ya kai wa wa hari, a gari irin namu da Hausawa da Fulani da Mangawa suke zaune tare, suna auratayya. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma dole malami ya yi hattara, kada a kira sunan gidan kowa, kada a mai da aji wurin gori. Amma ku duba fa, yaran nan suna jin waɗannan labaran ko mun so ko ba mu so ba. Suna jin su a TikTok da Facebook daga bakin mutanen da ba su da niyyar alheri, an yanko rabi an bar rabi. Wanne ya fi: su fara ji a gaban malami da zai koya musu tambayar "wa ya faɗa, mene ne hujjarsa", ko su fara ji daga wanda yake neman mabiya? Yaron da ya saba tuhumar rahoton Lugga da ladabi, ya saba auna labarin kakansa da ladabi, ba zai zama mai tura duk saƙon da ya shigo masa WhatsApp ba.

Akwai kuma nauyin da yake kan masana. Ƙasar nan ta haifi irin su marigayi Farfesa Haruna Wakili, ɗan Haɗejia, malamin tarihi a Jami'ar Bayero, wanda ya riƙe kwamishinan ilimi na Jigawa. An yi bincike mai yawa a kan masarautar nan, yana jibge a ɗakunan karatu na jami'o'i, da Gidan Arewa, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, kusan duk da Turanci. Malamin firamare a ƙauyen Birniwa ba zai je Kaduna ba. Abin da yake buƙata shafi biyu ne da Hausa mai sauƙi: ga abin da takardar Bature ta ce, ga abin da mutanen gari suke cewa, ga tambayoyi huɗu. Mu da muka gama jami'a muke zaune muna jiran aiki, wannan aikin namu ne. Ɗalibin tarihi ɗaya zai iya fassara takarda ɗaya a mako.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba na gwamnati ba ne, naka ne kai da kake karantawa, da ke da kike karantawa. A cikin makon nan ka nemi mutum mafi tsufa a gidanku ko unguwarku. Ka gaishe shi, ka nemi izininsa, ka kunna wayarka. Ka fara da faɗin ranar da wurin da kuke. Kada ka tambaye shi "ba ni tarihi", zai ce bai sani ba. Tambaye shi me ake ci a shekarar fari, nawa aka biya sadakinsa, yaushe ya fara hawa jirgi, ina ruwa yake tsayawa a da. 'Yan mata, ku kuka fi mu dama, domin akwai abin da tsohuwa ba za ta faɗa wa namiji ba. In kun gama, kada abin ya kwana a waya har ta lalace. Ku rubuta shi a takarda, ku kai wa malamin makarantar da ta fi kusa da ku kwafi ɗaya.

Ranar da muka rufe zaman hutun, mun taka da yaran har bakin tasha. Na nuna musu wajen da nake zaton nan kakana yake sauke buhu. Zato ne kawai, don ban tambaye shi ba lokacin da yake da rai. Wani yaro ya ce kakansa ma ya yi dako a nan, kuma yana nan da ransa, sai dai ba ya ji sosai. Washegari da safe na je gidan da wayata a cike da caji. Mun yi awa biyu, ina ɗaga murya yana ba ni amsa. Ya san kakana. Ya ma faɗa mini laƙabin da suke kiransa da shi a tasha, wanda ko mahaifiyata ba ta taɓa ji ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon sauraron waɗanda suka rage. Wanda ya yi hirar, ya rubuto mana abu ɗaya da ya ji wanda bai taɓa sani ba, za mu karanto wasu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.